Dafa-Dukan Taliya da Wake: Abincin Daren Ɗalibi a Tukunya Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da ya wuni yana kai da komowa tsakanin ɗakin lacca da laburare, idan ya koma masauki da dare yakan tarar da yunwa da gajiya suna jiransa, ga kuma karatun gobe. Aljihunsa ba zai ɗauki sayen abinci a kullum ba, kayan girkinsa kuwa galibi ba su wuce tukunya ɗaya da risho ɗaya ko ƙaramar tukunyar gas ba. Al'amarin ya ƙara tsanani tun bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, domin kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin abinci ya bi shi. A tsakiyar shekarar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wannan ya sa ɗalibai da yawa suka koma rayuwa a kan garin kwaki da sukari, ko taliyar 'yan yara zalla, waɗanda suke cika ciki amma ba su gina jiki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wani abinci mai sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, wato dafa-dukan taliya da wake. Za a duba abin da ya sa haɗin ya dace da jikin mai karatu, sannan a kawo yadda ake dafa shi daki-daki a tukunya guda. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne lokaci da awon ruwa, domin a nan ne girkin yake gyaruwa ko ya lalace.

2.0 Wake

Waken da muke ci a Nijeriya, wanda Yarabawa suke kira ewa, Ibo kuma suke kira agwa, tsiro ne ɗan asalin Afirka. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun tono ƙwayoyinsa a yankin Kintampo da ke tsakiyar Gana, waɗanda shekarunsu suka haura 3,500. A yau Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Jamhuriyar Nijar tana biye da ita. Manoma a Arewa sukan shuka shi a tsakanin gero ko dawa, saboda saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, harawarsa kuma abincin dabbobi ce a lokacin rani. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a shekarar 1967, tana cikin manyan wuraren da ake nazarin irin wake da inganta shi.

Yawancin waken da muke saya a nan Kudu daga Arewa ake kawo shi. Yakan taso daga kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, ya sauka a Bodija ta Ibadan ko Mayil 12 ta Legas, daga nan masu awo su rarraba shi. Ana samun farin wake manya da ƙanana, ana kuma samun ja mai ɗan zaƙi wanda ake kira oloyin a ƙasar Yarabawa. Kowane ɗaya zai yi wannan girki. Jan waken ya fi saurin narkewa, yana ba da romo mai kauri, farin kuwa ya fi tsayawa da siffarsa.

3.0 Taliya

Taliya kwaɓaɓɓen garin alkama ce da aka ja aka busar. Ta daɗe a duniya, domin masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya rubuta a shekarar 1154 cewa a garin Tirabiya na tsibirin Sisili ana yin ta da yawa har ana lodin ta a jiragen ruwa zuwa wasu ƙasashe. A ƙasar Hausa ma akwai taliyar gida, wadda ake kira 'yar murji ko taliyar Hausa. Mata sukan kwaɓa fulawa, su murza ta a ɗan ƙaramin inji, su shanya a igiya, a dafa a ci da mai da yaji, sau da yawa tare da wake. Wadda ta fi yawa a shagunan da ke kusa da makarantu ita ce ta kamfani, irin su Golden Penny, mai zuwa a leda mai nauyin giram 500. Da yake mafi yawan alkamar da ake sarrafawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, farashin taliya yakan bi farashin dala. Saboda haka duk wanda ya haɗa ta da wake ya rage wa kansa kashe kuɗi, tunda rabin leda zai yi aikin leda guda.

Mutanen Italiya suna da nasu irin wannan abinci da suke kira pasta e fagioli, ma'ana taliya da wake. Abincin talakawa ne da manoma, kuma a birnin Nafoli a cikin tukunyar waken ake zuba taliyar ta dahu, har ma sukan tattara gutsattsarin taliya iri-iri su yi amfani da su. Dabarar da za a bayyana a nan ita ce dai wannan, sai dai da manja da attaruhu da daddawa.

4.0 Dalilin Haɗa Su Biyu

Jikin ɗan Adam yana buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, domin gyaran tsoka da jini da garkuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ke nan ɗalibi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50 a rana. Busasshen wake yana ɗauke da furotin kusan kashi 24 cikin 100 na nauyinsa, busasshiyar taliya kuma kusan kashi 12. Idan aka dafa wake giram 250 da taliya giram 250, an sami furotin kimanin giram 90 a tukunyar. In mutum uku suka raba, kowa ya sami giram 30, wato fiye da rabin buƙatarsa ta yini, ba tare da an sayi nama ba.

Akwai kuma batun ingancin furotin ɗin. Furotin ya ƙunshi wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Alkama tana da ƙarancin ɗaya daga ciki mai suna laisin, wake kuwa yana da shi a wadace. Shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ya fi shi. Idan aka ci su tare, kowane yana toshe giɓin ɗan'uwansa. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun daɗe suna cin garau-garau, da ƙosai da koko, da alale da kunu, duk a kan wannan tsari.

Fa'ida ta uku ita ce riƙe ciki. Wake yana da harza mai yawa, wato ɓangaren abinci da ba ya narkewa da wuri. Wannan yana sa sukari ya riƙa shiga jini a hankali, ba kamar yadda yake yi idan an ci farar taliya kaɗai ba. Wanda ya ci wannan abinci da ƙarfe bakwai na yamma zai iya zama a kan littafi har tsakar dare ba tare da yunwa ta dawo ba. Wake yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen yin jini. Bitamin C da ke cikin tattasai da tumatir da lemo yana taimaka wa jiki ya tsotsi wannan ƙarfe, shayi kuwa yana rage tsotsarsa. Don haka ya fi kyau a jinkirta shan shayi zuwa kamar awa ɗaya bayan cin abincin.

5.0 Matsalar Lokaci

Wahalar wannan girki guda ɗaya ce: wake yana da jinkirin dahuwa, taliya tana da gaggawa. Waken da ba a jiƙa ba yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya ko fiye, taliyar kamfani kuwa minti 8 zuwa 12 sun ishe ta. Wanda ya zuba su a lokaci guda zai sami ɗayan biyu, ko dai taliya ta narke ta zama kunu kafin wake ya nuna, ko kuma taliya ta yi daidai wake yana garas-garas a baki. Ƙa'idar ita ce a bar wake ya yi nisa shi kaɗai, sai ya rage masa kamar minti goma sannan a saka taliya, su ƙarasa tare.

Abu na biyu shi ne ruwa. A dafuwar da aka saba, ana tafasa taliya a ruwa mai yawa a tace a zubar. A dafa-duka ba a zubar da komai, don haka ruwan da aka zuba dole ya yi daidai da wanda taliyar za ta shanye. Sitacin da yake fita daga jikinta yana zama a tukunyar, ya haɗu da na wake da mai, ya zama romo mai kauri wanda yake manne wa kowane silin taliya. Wannan ne yake ba abincin daɗinsa, shi ne kuma yake sa ƙasan tukunya ya kama idan aka yi sakaci.

Abu na uku shi ne tsami. Tumatir yana da tsami, tsami kuwa yana ƙarfafa bangon ƙwayoyin wake ya hana su laushi. Idan aka zuba tumatir tun farko, waken zai daɗe a kan wuta yana cin kananzir. Saboda haka kayan miya sai wake ya yi laushi suke shiga.

6.0 Kayan Haɗi

Wannan awo zai ishi mutum uku, ko mutum biyu masu ci sosai:

Wake, gwangwanin madara 2 (kusan giram 250)
Taliya, rabin leda (giram 250)
Tumatir 3, ko ƙaramar ledar tumatir 1
Tattasai 2
Attaruhu 2, ko gwargwadon yadda ake son yaji
Albasa babba 1
Manja ko man gyaɗa, ludayi ƙarami 1
Daddawa ɗan kaɗan, ko dunƙulen magi 2
Gishiri, ƙaramin cokali 1
Tafarnuwa da citta, in akwai
Busasshen kifi ko dakakken kirefish, in aljihu ya yarda
Ganyen alayyahu ko ugu ko zogale, cikin hannu 1

Wajen awon ruwa, ledar fiya wata ma'auni ce mai kyau, domin kowace ɗaya rabin lita ce. Za a buƙaci tukunya mai ɗan faɗi da murfi mai rufewa sosai, da cokalin juyi, da kwando ko mataci, da kwanon da za a ci abincin a ciki.

7.0 Yadda Ake Dafawa

Mataki na farko yana farawa tun da safe, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fita lacca, a tsince waken, a cire tsakuwa da ƙaiƙayi da waɗanda ƙwari suka huda, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A wanke, a zuba masa ruwa ya sha kansa sosai, a rufe a tafi. Awa shida zuwa takwas sun isa. Kada a bar shi ya wuce haka a ɗaki mai zafi, don zai fara tsami da kumfa. Idan an dawo, a zubar da ruwan jiƙon a sake ɗauraye shi. Wanda bai sami damar jiƙawa ba, sai ya tafasa waken na minti goma, ya tace a kwando ya zubar da ruwan.

Mataki na biyu shi ne suya. A jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da rabin albasar, ko a goga su a magogi idan babu turmi. A ɗora tukunya a zuba mai. Idan manja ne, a bar shi ya narke ya yi zafi kawai, ba sai ya yi hayaƙi ba. A zuba sauran albasar da aka yanka, idan ta yi laushi a sa tafarnuwa da citta da daddawa, sannan a zuba jajjagen. A soya ana juyawa na kimanin minti takwas zuwa goma, har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama, ƙamshin ɗanyen tumatir ya tafi. Sai a kwashe wannan miya a zuba a kwanon cin abinci a ajiye gefe. Ba sai an wanke tukunyar ba, abin da ya manne a jikinta zai ƙara wa waken ɗanɗano.

Mataki na uku shi ne dafa wake. A juye waken a tukunyar, a zuba ruwa leda biyu, a rufe. Idan ya tafasa a rage wuta ya riƙa zaɓalɓala a hankali. Waken da aka jiƙa yakan yi laushi a cikin minti 25 zuwa 35, wanda ba a jiƙa ba kuwa zai fi haka, kuma zai nemi ƙarin ruwa. Agogo ba shi ne alƙali ba, yatsa ne. A ɗebo ƙwaya biyu ko uku a matse tsakanin babban yatsa da manuni. Idan ta murƙushe amma tsakiyarta tana da ɗan sauran ƙarfi kaɗan, lokacin taliya ya yi. Idan ta tsage gida biyu tana fari a ciki, da saura.

Mataki na huɗu shi ne haɗawa. A mayar da soyayyar miyar cikin tukunya, a sa gishiri da magi da kifi. A kakkarya taliyar gida uku ko huɗu domin ta kwanta a cikin ruwa, ta kuma yi sauƙin ɗiba da cokali tare da wake. A barbaza ta a hankali, kada a zuba ta a dunƙule. Daga nan a duba ruwa. Abin da ake so shi ne ruwan ya rufe taliyar da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Rabin ledar taliya yakan shanye ruwa kimanin rabin lita ko ɗan fiye, don haka idan ruwan waken ya ja baya, a ƙara ya kai wannan ma'auni. Ruwan zafi ya fi, in akwai a filas, domin ruwan sanyi yana katse tafasa. A ɗanɗana romon a wannan lokaci. Ya kamata gishirin ya ɗan fito, tunda taliya za ta shanye wani kaso.

Mataki na biyar shi ne tsaro. Minti biyun farko su ne lokacin da sitaci yake fitowa, silin taliya suke manne wa juna, saboda haka a juya sosai a wannan lokaci. Bayan nan a rufe, a bar wuta matsakaiciya, a riƙa buɗewa kowane minti biyu ko uku ana juyawa tun daga ƙasa, don wake yana da nauyi, shi yake sauka ya kama. Wannan ba lokacin zuwa ɗakin maƙwabci ko duba waya ba ne. Bayan minti bakwai ko takwas a ɗanɗana sili ɗaya. Idan ya yi laushi amma da ɗan sauran tauri a tsakiya, a zuba yankakken ganye a sama, a rufe, a kashe wuta. A bar tukunyar a rufe na minti biyar. Zafin da ke ciki zai ƙarasa taliyar, ya turara ganyen, sauran ruwan kuma ya yi kauri. A sauke shi da ɗan danshi, domin yana ƙara bushewa idan ya huce.

Idan taliyar Hausa za a yi amfani da ita, a sani ta fi ta kamfani saurin dahuwa da saurin caɓewa. A bar wake ya nuna sarai tukuna, a rage ruwa, sannan a saka ta.

8.0 Matsaloli da Maganinsu

Idan ruwa ya ƙare taliya ba ta nuna ba, a yayyafa ruwa rabin kofi, a rage wuta, a rufe. Kada a kwarara da yawa lokaci guda. Idan kuwa taliya ta nuna ruwa ya yi saura, a buɗe murfi a ƙara wuta na minti ɗaya ko biyu, ko kuma a murƙushe wake cokali biyu a jikin tukunya a juya, zai ɗaure romon. Idan aka ji ƙauri, a sauke nan take, kada a kankare ƙasan. A kwashe na sama a kwano, a bar ƙanzon a tukunya.

Wasu sukan koka da kumburin ciki bayan cin wake. Dalilinsa wasu nau'o'in sukari ne da ke cikin waken, waɗanda hanjinmu ba shi da abin narkar da su. Sukan wuce zuwa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ci su, su fitar da iska. Waɗannan sukari suna narkewa a ruwa, shi ya sa jiƙawa da zubar da ruwan suke rage matsalar. Dafa wake ya nuna sosai yana taimakawa, haka kuma cikin wanda ya saba cin wake yakan daina damuwa da shi bayan ɗan lokaci.

Sai batun kanwa. Gaskiya ne tana sa wake ya yi laushi da wuri, domin ita kishiyar tsami ce, tana sassauta bangon ƙwayoyin waken. Amma tana lalata wani kaso na bitamin B1, kuma idan ta yi yawa tana canza launi da ɗanɗanon abinci, ta sa taliya ta yi santsi. Wanda ya jiƙa wakensa ba ya buƙatarta. Idan wake tsoho ne mai taurin kai, ɗan gutsure kamar ƙwayar masara ya isa. Gishiri kuwa, saɓanin abin da aka saba faɗa, ba ya hana wake dahuwa. Abin da ya fi sa shi tauri shi ne daɗewa a ajiye a wuri mai zafi da laima, irin yanayin da muke da shi a Kudu. Saboda haka ya fi kyau ɗalibi ya sayi wanda zai ci a mako biyu ko uku, ya zuba a busasshiyar gorar roba ya toshe bakinta sosai. Rashin iska yana kashe ƙwarin wake.

9.0 Tsimin Wuta da Kiyaye Lafiya

Ruwa idan ya tafasa zafinsa ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa. Ƙara wuta bayan tafasa ba ya gaggauta dahuwa, yana ƙone ruwa da gas ne kawai. Jiƙa wake da rufe tukunya da rage wuta da kashewa da wuri, waɗannan su ne hanyoyin da suke sa gas ko kananzir ya kai ƙarshen wata. Wata dabarar ita ce abokan ɗaki su haɗa kayansu su yi girki ɗaya maimakon uku, tunda wutar da za ta dafa wake gwangwani ɗaya kusan ita ce za ta dafa biyu.

Wajen sayen wake akwai buƙatar lura. Wasu 'yan kasuwa sukan zuba maganin ƙwari a cikin buhu domin kada wake ya ɓaci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wani maganin ƙwari mai suna daikulobos da aka samu a cikinsa, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗin jama'a a kan zuba irin wannan magani a kayan abinci. Mai saye ya ɗebi wake ya shinshina. Idan yana warin magani ko yana da wata farar hoda a jikinsa, ya bar shi komai arharsa. Wankewa da zubar da ruwan farko suna rage abin da ke bayan ƙwayar, amma ba su mayar da gurɓataccen wake lafiyayye.

Abin da ya rage a tukunya shi ma yana da ƙa'ida. Dafaffen wake da taliya wuri ne da ƙwayoyin cuta suke saurin hayayyafa, musamman a zafi. Masana lafiyar abinci suna ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a firiji ba. Akwai wata ƙwayar cuta da takan tsiro a abinci mai sitaci, wadda dafin da take fitarwa ba ya mutuwa ko an sake ɗumamawa. Da yake yawancin ɗakunan ɗalibai babu firiji, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, abin da ya fi shi ne a dafa daidai ci. Mutum ɗaya ya raba awon da aka bayar gida uku. Haka nan kada a kunna gawayi ko risho a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, domin suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum yana barci. A kuma kiyaye dokokin ɗakunan kwana game da wurin da aka keɓe don girki. Rigakafi ya fi magani.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa wake da taliya suna cika juna ta fuskar gina jiki, kuma dafa su a tukunya ɗaya yana rage kuɗi da wuta da wanke-wanke. An nuna cewa nasarar girkin tana rataye ne a kan jiƙa wake da wuri, da jinkirta tumatir, da saka taliya a minti goman ƙarshe, da auna ruwa ya tsaya a gaɓar yatsa ɗaya. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya sauya sauran yadda yake so: man gyaɗa a madadin manja, makaroni a madadin doguwar taliya, dafaffen ƙwai ko soyayyar ayaba a gefe a ranar da kuɗi suka shigo. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, da su gwada shi a wannan zangon karatu, musamman a makonnin jarrabawa da ake yawan mantawa da ciki. Allah Ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani, amin.